Filin Kilisa

Mu da muka tashi a gidan da ake ɗaure doki a turke, mun san sayensa ya fi sauƙi a kan samar masa wurin miƙe ƙafa. Da can bayan gari ya ishe mu kilisa. Yanzu gine-gine sun cinye shi, dole mutum ya keɓe fili ya killace.

To, yaya girmansa zai kasance? Turawa masu horar da dawaki sun tsayar da faɗin mita 20 da tsawon 40 ga ƙaramin fili, babba kuwa 20 da 60. Hikimar 20 ɗin nan tana wajen kewaye. In faɗin ya gaza haka, doki mai gudu sai ya riƙa murɗa jiki a kowace kwana, nauyi ya taru a ƙafafun ciki, gaɓoɓi su jigata har ya soma ɗingishi.

Ni dai a ganina, tunda namu dawakin na hawan salla ne, a fifita tsawo, domin jahi sai an yi sukuwa kafin zamiya. Wanda ba shi da wurin kuwa, gara ya haƙura da dokin da ya zalunci dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.