Tashar Ƙauran Namoda da Makomarta

Layin dogo bai taɓa isa Birnin Ƙonni ba, ko Malbaza mai masana'antar siminti, ko Illela, amma a 1929 ya tsaya kusa da yankin, lokacin da reshen da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, inda aka riƙa loda gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko. Raya tsohuwar tasha, wato gyara ginin bisa siffarsa ta asali tare da ba shi sabon aiki, ya wuce shafa fenti, domin kwanon rufi da tagar sayar da tikiti da ma'aunin buhuna su ne shaidar yadda gumin manomi ya riƙa kaiwa bakin teku. An gwada haka a Ebute Meta da ke Ikko, inda aka gyara Gidan Jaekel na hukumar jiragen ƙasa a 2010 ya zama gidan tarihi. Rumbunan tashar Ƙaura sun fi dacewa da masaƙa da dukawa da ɗakin karatu, musamman yanzu da hankalin hukumomi ya karkata ga sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021.