Waiwaye: Lambar da ke Goshin Jirgi

Duk wanda ya taɓa kallon Star Trek ya san lambar nan da aka rangaɗa a goshin Enterprise, wato NCC-1701. Matt Jefferies, wanda ya zana jirgin, shi kansa matuƙin jirgin sama ne. Daga haruffan NC da aka riƙa rubuta wa jiragen farar hula a Amurka a da ya aro, ya ƙara C guda. Alƙaluman kuwa ya tsince su ne da gangan, domin a ƙaramin allon talabijin na wancan zamani 3 da 6 da 8 da 9 sukan yi wa mai kallo kama da juna.

Shirin ya fara a 1966, tashar NBC ta dakatar da shi a 1969. Masoya suka tashi da ƙishirwa, kuma littafi ne ya zama rijiyarsu. Sai dai marubucin da ya ɗauki alƙalami zai sa wani jirgi a labarinsa, dole ya nemo masa suna da lamba, kuma abin da shirin ya bari a baya tsintuwa ne kawai.

Ga misalin jirgin Constellation. A 1967, da za a nuna shi a ragargaje cikin kashin "The Doomsday Machine", ba a ƙera sabon samfuri mai tsada ba. Ƙaramin Enterprise na roba da kamfanin AMT ke sayarwa a kanti aka ɗauko, aka jujjuya alƙaluman 1701 suka koma 1017, aka ƙona gefensa. Aikin tsimin kuɗi ne, amma shekara da shekaru masoya na ta kai-komo a kan dalilin da ya sa jirgi mai ƙira ɗaya da Enterprise zai ɗauki lambar da ta yi ƙasa haka.

A wani kashin kuma, "Court Martial", akwai allo a bangon ofishin Kwamado Stone ɗauke da jerin lambobi, babu suna ko ɗaya. Daga baya wani matashi, Greg Jein, ya zauna ya aura wa kowace lamba suna, ya buga a wata mujallar masoya mai suna T-Negative. A 1975 sai Franz Joseph ya fito da littafinsa Star Fleet Technical Manual da nasa lissafin daban, a jere daga 1700. Shi ke nan, aka sami limami biyu a masallaci ɗaya: Lexington a wurin Joseph 1703 ne, a wurin Jein 1709.

Marubuta suka shiga tsakani. Diane Carey ta ɗauki ƙirar katafaren jirgin yaƙin Joseph ta gina littafinta Dreadnought! a 1986. Diane Duane kuwa, a 1984, ta raɗa wa wani jirgin Romulawa, baƙin halittun cikin shirin, suna Bloodwing, sunan da ya zauna a bakin makaranta har yau ko da ba a taɓa haska shi a allo ba. Duk da haka kamfanin Paramount bai ɗauki abin da ke cikin littattafan a matsayin tarihin shirin na haƙiƙa ba. Wannan hukunci ya daɗe yana sosa mini rai, domin waɗannan mutane ne suka riƙe wutar lokacin da murhu ya kusa sanyi. Da Michael da Denise Okuda suka haɗa kundin Star Trek a 1994, lissafin Jein suka fi bi.

Amma haƙuri bai faɗi ƙasa banza ba. A fim ɗin Nemesis na 2002 an ambaci Titan, jirgin da Riker, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, zai jagoranta, ba tare da an nuna shi ba. Littattafan da suka fara fitowa a 2005 ne suka raine shi. Masu buga su suka shirya gasar zane, Sean Tourangeau ya lashe, jirgin ya tsaya da lamba NCC-80102, kuma 'yan'uwansa na aji ɗaya duk sunayen watannin da ke kewaya duniyoyi aka ba su. A 2020, a ƙarshen zangon farko na shirin Star Trek mai suna Lower Decks, Titan ya keto allo da siffar nan ta bangon littafi, ɗauke da lambar da marubuta suka san shi da ita.