Tsani Biyu a Gida Ɗaya

Makon nan ina so mu tattauna a kan wani aiki da 'yan matanmu masu ilmi suka fara shiga, watau taimakon masu saye a kamfanin manhaja. Manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta da wayar hannu. In ta ƙi aiki, mai saye ya bugo waya, to akwai wadda ke zaune domin ta saurare shi, ta gano inda cutar take, ta gyara. Abin da ya gagare ta sai ta miƙa wa na sama da ita, har ya kai ga injiniyoyin da suka rubuta manhajar.

Wata ƙawata da muka gama makarantar horon malamai tare, wannan ne aikinta. Ita ke shan faɗan masu saye, ita ke gano aibun manhaja ta rubuta wa injiniyoyi dalla-dalla, ita kuma ke koya wa sababbin ma'aikata. Amma ran duba aiki, abin da a ke ƙirgawa shi ne yawan ƙararrakin da mutum ya rufe. Wanda ya tsinci masu sauƙi ya rufe da yawa. Ita da ta wuni a kan mai wuya ɗaya sai a ce ba ta da hanzari. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi ke nan!

Mu malamai matakan albashinmu a rubuce suke, kowa ya san inda yake da abin da ke gabansa. A kamfani da yawa kuwa tsani biyu ne: na injiniyoyi, mai tsawo da kauri, da na masu taimako, wanda bai cika nisa ba. Ni a ganina a nan zaluncin ya ke ɓuya. Ba sai an rage miki kwabo ba. A ɗora ki bisa gajeren tsani kawai, ko a sa ki matakin ƙasa ran da aka ɗauke ki, shi ke nan, kowane ƙari da zai biyo baya a kan wannan ƙaramin tushe za a lissafa shi.

Kada ku ce zato ne. A 2017 waɗansu mata suka kai kamfanin Google ƙara a Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Ɗaya daga cikinsu, Holly Pease, ta ce shekara da shekaru tana shugabantar masu aikin fasaha, amma aka bar ta a tsanin da ba na fasaha ba. Daga baya har wata malamar yara ƙanana ta shiga ƙarar, abin da ya sa na ƙara kasa kunne. A 2022 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 118 ga mata wajen 15,500, ko da yake bai amsa laifi ba.

Dabarar ma tsohuwa ce. A 1968 mata masu ɗinkin rigunan kujerun mota a masana'antar Ford ta Dagenham, a Ingila, suka yi yajin aiki domin an sa ɗinkinsu a ajin aikin da bai buƙatar gwaninta sosai. Yajin nan ya taimaka aka kafa dokar daidaita albashi a 1970, amma ajin da suka nema ba su samu ba sai bayan wani yajin a 1984.

To, ke 'yar makaranta, in Allah ya kai ki wannan aiki, kada kunya ta hana ki tambaya tun kafin ki sa hannu: wane mataki za a sa ni, mene ne albashin ƙasa da na sama a matakin, kuma an taɓa samun wanda ya ƙetara daga sashen nan zuwa na injiniyoyi? Sa'an nan ki tanadi littafi, ki riƙa rubuta kowace matsala mai wuya da kika warware da ranarta, da wanda kika koya wa aiki. Ran da za a yi maganar ƙarin girma, ki shiga ofis da shi a hannunki.