Daga Allon Aji Zuwa Teburin Jarida

Yaron da ke karanta Magana Jari Ce a gindin dabino a Gidimuni bai san kasadar da ta haifi littafin ba. Marubucinsa, Abubakar Imam, malamin makarantar Midil ne a Katsina, yana zaman zamansa, sai ya shiga gasar rubutu ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja, ya je Zariya ya rubuta wa yara Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wani zai ce yawan sauya sheƙa na dakushe alƙalami. Ni ban ga haka ba. Wanda bai taɓa baƙunta a wani fage ba, da wuya ya tuna yadda yaro ke kallon duniya, komai sabo a idonsa. Marubutan Damagaram, yaranmu na jiran naku littattafan.