Dokin Ƙarfen Da Ba Ya Tsatsa

A zauren gidanmu akwai wani firam ɗin keke rataye a jikin ƙusa, ba taya, ba sirdi, ba feda. Kwanan baya wani ɗan gwangwan ya leƙo, ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ji sakayau, ya ce alminiyom ne, zai saya a kilo. Muka ce masa Allah ya ba da kasuwa. To tun da 'yan'uwa marubuta sun sha tare mu a wajen taron wata-wata suna tambayar ina littafin nan da muka yi ta shelarsa tun 2017, mun ga gara yau mu fito fili: littafin yana rataye a jikin wannan ƙusa.

Son keke gado muka yi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, yana da baƙin Raleigh da ya hau shekara talatin bai sauya masa komai ba sai taya da robar birki. Adonsa shi ne leda mai launi da ya nannaɗe firam da ita, da madubi, da ƙararrawa, da fitilar dainamo. Duk ranar Juma'a da hantsi sai ya kifa shi a tsakar gida ya goge, ya ɗiga wa sarƙa mai. Mu yara iyakarmu mu tura shi wajen mai faci, shi ma da kashedin kada a hau.

A 2011 karatu ya kai mu Leeds a Ingila. Tsadar kuɗin bas ta sa muka sayi wani tsohon keke, amma hunturu ɗaya ya gama da shi, domin can gishiri ake watsa wa tituna saboda ƙanƙara, gishiri da ruwa kuwa ba abin da suka bar wa ƙarfe sai tsatsa. Muna neman sarƙa a wata kasuwar tsofaffin kayan keke sai muka ga wani dattijon Bature zaune da firam a gabansa, launin toka, ba ɗigon fenti. Ya ce titaniyom ne, ya kusa shekara ashirin yana hawansa, gwiwa ce ta gaza. Muka duba, ko alamar tsatsa babu. Ya ce fam 400. Kuɗin abincinmu ne na wata biyu, amma masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Muka biya.

Bari mu ɗan tsaya a kan wannan ƙarfe, domin shi ne ya ja mu. Wani limamin coci mai suna William Gregor ne ya fara gano shi a 1791 cikin baƙin yashin wani rafi a yankin Cornwall, sannan a 1795 Bajamushe Martin Klaproth ya raɗa masa suna. Ba wai ƙarancinsa ake yi ba. Har a tudun Jos, cikin baƙin yashin da ke saura bayan an wanke kuza, akwai ma'adinin da ake fitar da shi. Raba shi da sauran abubuwan da ya cuɗanya da su ne jan aiki, shi ya sa bai shiga masana'antu sosai ba sai bayan da William Kroll ya fito da hanyar tace shi wajen 1940. Idan aka yanko gunduwa biyu masu girma ɗaya, nauyin ta titaniyom bai kai kashi 60 cikin ɗari na ta baƙin ƙarfe ba. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ke hana shi ruɓewa, don haka ba ya bukatar fenti, har likitoci kan dasa shi a jikin mutum a madadin ƙashin ƙugu. Bututun da ake ƙera yawancin firam da shi gauraye ne da kashi 3 na alminiyom da kashi 2.5 na banadiyom, asalinsa kuma na jiragen sama ne. Kamfanin Speedwell na Birmingham da Teledyne na Amurka sun gwada shi a keke tun shekarun 1970, amma sai da Merlin da Litespeed suka shigo a 1986 abin ya kankama. Ya fi baƙin ƙarfe lanƙwasa, ya koma yadda yake, shi ya sa mahayi ba ya jin gargadar hanya sosai a bayansa.

Abin da dattijon bai faɗa mana ba shi ne firam ba keke ba ne. Sai an nemo wili, da kai, da birki, da giya, da feda. Muka fara da na hannu masu araha, keke ya tashi, ya yi daɗin hawa ƙwarai. Da nan muka tsaya da wannan rubutu bai taso ba. Amma mai firam da aka ce ba ya mutuwa kullum gani yake sauran kayan ba su dace da shi ba. Muka sayi ɗan sikelin kicin muna auna kaya da giram. Muka cire notinan baƙin ƙarfe muka sa na titaniyom, abin da muka rage duka bai fi nauyin goro biyu ba, alhali a wannan shekarar mu kanmu mun ƙara kilo huɗu.

Da muka dawo Kano a 2014 sai hanya ta fara yi mana nata gyaran. Siririyar taya mai faɗin milimita 23 ba ta san rami da ƙaya ba, muka koma 28, iyakar abin da firam ɗin zai ɗauka. Ƙurar hunturu ta riƙa cin sarƙa. Muka ɗaura ƙararrawa saboda 'yan adaidaita sahu, ita kaɗai ta mayar da duk giram ɗin da notinan suka rage. Mai facin unguwarmu, wanda tun yana yaron shago yake taɓa keken mahaifinmu, ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Malam, wannan ai ba a gama shi ba, ina fentin?"

Yanzu ga inda kunyar take. A 2017 mun tara kuɗin buga tarin gajerun labaranmu kwafi dubu, har mun yi ciniki da maɗaba'a. Ana cikin haka wani aboki da zai dawo daga Ingila ya aiko da hoton wasu wili guda biyu, ya ce mai su na neman kuɗi da gaggawa. Kwana uku muna juyi a kan gado. Muka ce wa kanmu littafi ba ya lalacewa, wili kuwa wani zai riga mu. Ranar da suka iso uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo muna kwance kwali.

"Malam, wannan ne littafin?"

"Za a buga shi baɗi in sha Allahu."

"To Allah ya kai mu. Amma dai na wancan keken ma ai zagayawa suke yi."

Ba mu da amsa, domin gaskiya ne, zagayawa suke yi. Baɗi ta zo, takarda ta yi tsada, ta ƙara tsada, kuɗin kwafi dubu ya koma na ɗari uku. Har yau labaran suna cikin durowa, mun sake karanta su bara, biyu sun tsufa, sauran da ransu.

Ita ce dai ta cece mu a wata wahalar. Sandar sirdi ta alminiyom ce, mun shekara uku ba mu zare ta mun shafa mata giris ba, ashe idan gumi da ruwa suka shiga tsakanin ƙarafan biyu alminiyom ne ke ciwuwa, ya kumbura, ya kama. Mai faci ya ɗaure ta ya murɗa, yaransa biyu suka taya shi, ko gezau. Daga ƙarshe muka yanke ta, muka toshe bututun, muka roƙi uwargida sodar da take haɗa sabulu da ita, domin soda na narkar da alminiyom ta bar titaniyom. Aiki ne mai hatsari, yana tafarfasa yana fitar da iska mai kama wuta, a fili muka yi shi da safar hannu da tabarau. Kwana biyu sandar ta zama ruwan toka. Ta ce a rubuta a cikin bashin littafi.

Sai a 2023, da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, keken ya zama abin da mahaifinmu zai kira keke. Muka ajiye mota, muka ɗaura masa kariya da madigadi, muna zuwa aiki, muna ɗauko cefane, wani lokaci har da rabin buhun masara. Waɗanda ke yi mana dariya suka koma tambayar farashi. Ba mu taɓa jin daɗinsa kamar wannan shekarar ba, ba mu kuma ƙara auna komai ba.

Wata safiya a 2024 muka ji ƙas-ƙas duk lokacin da muka taka feda. Muka sauya boris, ƙarar na nan. Mai faci ne ya goge ƙasan firam da tsumma ya nuna mana da farce: tsaga siririya kamar gashi, a gefen walda. Ƙarfen da ba ya tsatsa ashe yana gajiya. Ya ce mu kai wa mai walda na bakin titi ya ɗana masa wuta, minti biyar an gama. Muka ce a'a. Titaniyom idan ya yi zafi zuƙar iska yake yi, wurin ya yi tauri ya riƙa fashewa kamar tangaran. Dole a lulluɓe waldar da iskar agon ciki da wajen bututun, da sandar walda irin tasa. Mun sami masu injin agon da ke aikin ƙarfen silba, sai dai wanda muka fi natsuwa da shi ya ce bai taɓa yi ba, ba zai koya a kan kayan mutane ba. Mun gode masa.

Muka kwance kayan ɗaya bayan ɗaya. Wili ɗin nan muka sa su a kasuwa, har an taya, kuɗin zai buga kwafi ɗari biyu idan aka rage shafuka. Muka shiga ɗakin shirgi muka fito da Raleigh ɗin mahaifinmu, ya yi tsatsa a madigadi, ledar ta ƙone, amma da aka sa taya da mai sai ya tashi. Nauyinsa ya ninka na wancan. Sirdin fata kaɗai muka ɗauko daga na titaniyom muka ɗaura masa, shi ma sai da mai faci ya yi dabara kafin ya zauna. Da shi za mu zo taron wata mai zuwa, da labaran a ɗaure a kariya, muna neman wanda zai duba mana su kafin a kai maɗaba'a.