Mai saukowa daga ƙarshe

A arewa maso gabashin Amurka, cikin jihar Vermont, akwai wani ɗan tudu a bayan wani ƙaramin gari, wanda yaro mai ƙarfi zai hau shi da ƙafa cikin minti 20. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara takan lulluɓe shi fari fat, sai yaran garin su ɗaura wa ƙafafunsu dogayen alluna biyu da ake kira siki, su riƙa zamiya daga bisa har ƙasa. Wata igiya mai kewayawa da ƙarfin inji ita ce ke mayar da su sama: kowa ya kama ta da hannu bibbiyu, ta ja shi. Irin wannan igiya ta fara aiki a Amurka ne a wannan jiha, a garin Woodstock, a shekarar 1934, da injin wata tsohuwar mota ƙirar Ford. Tudun da ake magana a kansa bai yi nisa da wancan zamani ba. Ba shi da otel, ba shi da masu yawon buɗe ido, sai wata bukkar katako mai murhu inda iyaye ke jira.

A nan wani dattijo, direban motar ɗaukar ƴan makaranta, ya shekara 26 yana aikin sintiri ba tare da an biya shi ko sisi ba. Jar rigar sanyi mai farar alamar agaji a baya da kuɗinsa ya saya, haka ma jakar da yake ɗaurawa a ƙugu, wadda ke cike da bandeji da almakashi da safar hannu. Kowace kaka, kafin ƙanƙara ta sauka, yakan koma aji a sake gwada shi kan ɗaurin karaya, da tsayar da jini, da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Wanda bai yi wannan bita ba, ba ya saka rigar a wannan shekara, komai daɗewarsa cikin aikin.

Ƙungiyar da yake ciki tana da asali. A 1936 wani mai sana'ar inshora, Charles Minot Dole, ya karye a idon sawu yana zamiya a Stowe, kan dutsen Mansfield. A kan fallen kwanon rufi aka jawo shi zuwa ƙasa. Bayan ƴan makonni abokinsa Frank Edson, wanda ya taimake shi a ranar, ya yi karo da itace a wata tsere a jihar Massachusetts, ya rasu. Waɗannan abubuwa biyu suka hana Dole sukuni, har ya kafa ƙungiyar ƴan sintirin siki ta ƙasa a 1938. Majalisar dokokin Amurka ta ba ta takardar amincewa a 1980, kuma mambobinta sun haura 30,000, mafi yawansu ƴan sa kai.

Wanda ya ga jar rigar daga nesa zai zaci aikin jarumta ne. A gaskiya mafi yawansa jira ne da duba. Tun da asuba dattijon yakan bi hanyoyin zamiya ɗaya bayan ɗaya kafin a buɗe wa jama'a: ya kafa sanda inda dutse ya leƙo, ya gyara katifar da ke naɗe jikin turken fitila, ya ja igiya ya rufe inda ƙanƙara ta daskare ta zama kamar gilashi. Rigakafi ya fi magani, amma ba a yi wa mai rigakafi godiya, don ba wanda ya san abin da aka kawar masa. Sauran yinin yana ƙarewa ne wajen ɗumama hannun yaron da ya yar da safarsa, ko tsawata wa matashin da ke gudu a tsakiyar ƙanana.

Aikin da ya fi ɗauka da nauyi shi ne na ƙarshe. Idan an kashe injin igiya da yamma, ƴan sintiri kan taru a ƙololuwa, su raba hanyoyi, kowa ya sauko tasa sannu a hankali, yana tsayawa, yana kira, yana saurare. Ba a rufe tudu sai an tabbata babu ran da ya rage a kansa, domin a daren Janairu sanyin Vermont kan yi ƙasa da sifiri ƙwarai, kuma wanda ya kwana a waje da rauni ba lalle ya ga safiya ba.

Wata ranar Asabar, a ƙarshen Janairu, gwiwarsa ta dama ta matsa masa tun azahar. Da aka raba hanyoyi, rabonsa ya haɗa da wata ƴar siririya da ke ratsa itatuwa a gefen tudu, wadda ba a cika bi ba. Ya tsaya a bakinta yana shawara da zuciyarsa. Duhu ya fara shiga, babu sawun da ya gani a fili, kuma sau ɗari ya bi ta bai tarar da kowa ba. Da ya bi babbar hanya, babu wanda zai sani. Ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya karkata ya shiga.

A kwana ta biyu ya ji wani abu kamar kukan kyanwa. Yarinya ce ƴar shekara 9, kwance a gindin itace, ƙafarta ta hagu a karkace. Uwarta na can cikin bukka, tana tsammanin tana tare da ƙawayenta. Ya durƙusa ya ce: «Yarinya, ga ni na zo. Faɗa mini sunanki, kada ki motsa ƙafar.» Ya kira ƴan'uwansa ta rediyo, ya shimfiɗa bargo a ƙarƙashinta, don ƙasa ta fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki, ya ɗaure karayar tsakanin alluna biyu. Aka kawo abin ɗaukar majinyaci, wanda ya yi kama da ƙaramin kwalekwale mai dogayen hannuwa biyu a gaba, da igiya a baya, da sarƙa a ƙarƙashi wadda ake saki ta ciji ƙanƙara ta rage gudu. Shi ya shiga tsakanin hannuwan kamar yadda ya saba. Wata matashiya, ma'aikaciyar jinya da ta shiga ƙungiyar shekara biyu kafin nan, ta riƙe igiyar baya.

A wurin da gangaren ya fi tsanani gwiwar ta ci amanarsa. Ƙafar ta lanƙwashe, kwalekwalen ya fara juyawa da yarinyar a ciki. Matashiyar ta kafa allunanta a gicciye, ta ja igiya da dukan ƙarfinta, shi kuma ya saki sarƙa. Abin bai wuce ƙiftawar ido biyu ba. Aka isa ƙasa lafiya, motar asibiti ta tafi da yarinyar, uwar tana kuka tana godiya, kowa na dafa kafaɗarsa. Matashiyar ba ta ce uffan ba.

Daren nan bai yi barci ba. Gaskiyar da ta sa shi shiga siririyar hanya ita ce ta dawo tana tuhumarsa. Wanda ya ƙi yin ha'inci lokacin da ba mai ganinsa, yaya zai ɓoye abin da mutum ɗaya tak ya gani? Ga kuma wani tunanin mai ja ta ɗaya gefen: idan ya janye, wa zai cika gurbin? Ƙananan wuraren zamiya fiye da 100 sun rufe a Vermont cikin shekarun da suka shige, saboda tsadar inshora, da gasar manyan wurare masu kujerun hawa da injinan yin ƙanƙara, da kuma hunturun da ba shi da tabbas. A jajibirin Kirsimeti na 2015 zafi ya kai digiri 20 a birnin Burlington, tuddai suka zauna tsirara. Tudun da ya tsira daga duk wannan yana tsaye ne a kan aikin gayya, kuma ƴan gayyar suna tsufa, matasa na tafiya birane. In babu ƴan sintiri ba za a buɗe shi ba. In ba a buɗe shi ba, ɗan talakan garin ba zai taɓa koyon zamiya ba, don tikitin yini ɗaya a manyan wurare ya fi ƙarfin iyayensa.

Da safe ya je wurin shugaban sintirin ya faɗa masa abin da ya faru, bai rage kome ba. Ya ce ba zai sake riƙe hannuwan kwalekwale ba. Ya nemi a bar masa duban asuba, da bukkar agaji, da koyar da sababbi. Abin ya yi masa ɗaci, domin riƙe hannuwan nan shi ne abin da ɗan sintiri ke alfahari da shi. Amma amana ba ta mai riƙon ba ce, ta wanda ke kwance a ciki ce, kuma aikin sa kai da ya ƙi sanin iyakarsa ya fara zama girman kai.

Yanzu matashiyar ce ke shiga tsakanin hannuwan. Shi kuwa yakan tsaya a gindin gangare yana kallon yadda take sarrafa sarƙa, in ta yi kuskure ya gaya mata a keɓe. Da yamma har yanzu yana hawa ƙololuwa, a ba shi hanya mafi sauƙi, ya sauko yana kira yana saurare. In ya iso ƙasa yakan kashe murhu, ya kulle bukka, ya leƙa filin ajiye motoci. Ba ya tayar da tasa sai ya ga ita kaɗai ta rage.