Kuɗin Adashina Da Tsohuwar Kwamfuta

Yau ba labarin soyayya zan ba ku ba, labarin wata tsohuwar kwamfuta ne da ta kusa cinye mini kuɗin adashi, da yadda Allah Ya sa na buɗe cikinta da hannuna, ni da ban taɓa riƙe sukundireba ba sai in zan ɗaure hannun tukunya.

Kwamfutar ta yayana ce. Shagon buga takardu yake da shi a Isa, ɗalibai da masu neman aiki su ne abokan cinikinsa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, har da Isa da namu Sabon Birni. Ciniki ya tsaya cak, ya rufe shago ya koma birnin Sakkwato da iyalinsa. Ranar da zai tashi ya aiko mini da kwamfuta ɗaya, irin ta girke, mai akwati da allo daban, ya ce, "Ga ta nan ƙanwata, ki daina ba mutane kuɗin bugu."

Wallahi na yi murna, don wadda ke rubutu kaɗai ta san wannan wahala. Tun zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, yawancin marubuta da biro suke cika littattafan makaranta, sannan a kai wa mai bugawa, ya buga da kurakuransa, a biya shi shafi-shafi. Ni ma haka na fara. To ga shi yau injin ya shigo ɗakina.

Amma fa murnar ba ta daɗe ba. In na kunna ta, sai na wanke shinkafa na ɗora ruwa kafin ta gama farkawa. In na danna harafi sai ta yi shiru kamar amaryar da ake saye baki, can sai haruffan su zubo a tare. Mu kuwa nan ba mu dogara da wutar lantarki, ƙaramin janareta muke tayarwa da dare. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ya zama abin aunawa da cokali. Duk mintin da na zauna ina jiran kwamfuta, kuɗin cefane ne ke ƙonewa a tsakar gida. Wani dare Malam ya leƙo ya tarar da ni na yi tagumi gaban allo, ya ce, "Wagga aba taki mai kawai taka sha. Ko ki koma ga bironki, ko ki san yadda za ki yi da ita."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini zafi.

Na buga wa wani mai gyara waya a Sakkwato, na kwatanta masa ciwon. Bai bari na gama ba ya ce, "Hajiya ta tsufa, ki kawo ta in karɓa ki cika kuɗi in ba ki wata." Da ya faɗi cikon sai na ga ya haura duk kwasar adashina, wanda na yi wata goma ina zubi don in buga littafina na uku. Ga kuɗin mota, ga ɗaukar akwati a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki, wadda mutum ba ya binta sai da dalili mai ƙarfi. Idan na sayi wata kwamfutar, ba kuɗin buga littafi. Idan na bar wannan, littafin ba zai kammalu ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ana cikin haka ɗiyar yayan nawa, wadda ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta zo mana hutu lokacin hunturu. Na kai mata kukana. Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, ke da kike kwance keken ɗinkinki ki sa masa mai ki mayar, mene ne abin tsoro a nan? Kusa biyu ce kawai a bayanta."

Na ce, "Ke rufa mini asiri, keke ai ba ya jan mutum."

Ta ce, "Ita ma in kin cire ta daga wuta ba ta ja."

Ita ta yi mini bayanin da ya zauna a kaina, bari in ba ku shi yadda na fahimta. A cikin akwatin nan akwai mai aiki, akwai faifai, akwai rumbu. Mai aikin shi ne ƙwaƙwalwar da ake kira furosesa. Rumbun shi ne had-dis, inda duk rubutu da hotuna ke kwana ko an kashe wuta. Faifan kuwa shi ne ram, wurin da ake baza abin da ake aiki da shi yanzu. In faifanki ƙarami ne, dole ki yi ta zirga-zirga zuwa rumbu kina ɗebowa kaɗan-kaɗan, in kuma rumbun na da wuyar hawa, to rana za ta faɗi ba ki gama tsinta ba, ko da kuwa ke mai zafin nama ce. Tawa furosesar Core i3 ce, ta tsufa amma ta ishi mai rubutu. Ram ɗin ne giga 2 kacal, rumbun kuma tsohon had-dis mai faranti a ciki yana juyawa, allura na bin sa tana neman abu. Akwai sabon irin rumbu da ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, shi ya sa ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma bai kai wancan shan wuta ba. Ashe abu biyu ne ke ciwo, aka ce in yar da jikin gaba ɗaya.

Kafin in taɓa komai, sai da na kwafe littafina a filas, na kuma tura shi cikin wayata. 'Yar'uwa, ko kin manta duk abin da na faɗa, kada ki manta wannan. Kwamfuta ana sayen wata, amma babi ashirin da kika rubuta da dare yara na barci, ba kasuwar da ake sayar da su.

Ranar wata Asabar bayan na sallami yara Islamiyya, na shimfiɗa tabarma, na yi bisimilla. Na zare igiyar wuta, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ke ciki ta fita. Yarinyar ta ce in taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannu tukuna, saboda a lokacin hunturu jiki na tara wata 'yar wuta, irin wadda kike ji tas in kin cire mayafin roba, kuma tana iya kashe kayan ciki. Na kwance kusoshin na zame murfin gefe.

Allah sarki! Ƙurar da na gani ta isa a shuka gero. Fankar ta yi gemu, ramukan iska sun toshe. Na sa sabon burushin hoda mai laushi na yi ta sharewa, ina riƙe fankar da yatsa kada ta juya. Ba ruwa, ba jiƙaƙƙen tsumma. Sannan ta nuna mini ram, wani siririn falle kore mai haƙora ruwan zinare, a tsaye cikin raminsa, ga wani ramin a gefensa ba komai a ciki.

A nan na yi wautar da nake son ku guje mata. Hutu ya ƙare, yarinya ta koma makaranta, ni kuwa ganin na zama gwana sai na ba wani direban garinmu saƙo, na ce ya sayo mini "ram giga huɗu" a Sakkwato. Ya kawo. Na buɗe leda sai ga wani gajere, rabin tsawon nawa. Na juya shi ta nan, na juya ta can, bai yi kama da ramin ba. Ashe na kwamfutar tafi-da-gidanka ne. Ba laifin direba, ba laifin mai shago, abin da na ce shi aka ba ni. Na zauna na yi hawaye na takaici, Malam na gefe yana cewa, "Mi kinka sani ga aikin maza?" Ban tanka ba.

Washegari na ciro tsohon ram ɗina na karanta 'yar takardar da ke manne a jikinsa. An rubuta PC3-12800U. Na duba sabon, shi kuma PC3-12800S. Na buga wa yarinyar waya ta warware mini: PC3 na nufin DDR3, U na babbar kwamfuta ne, S na ƙarama. Ta ƙara da cewa ram iri-iri ne, akwai DDR2 da DDR3 da DDR4 har da DDR5, kowanne da inda aka yi masa tsaga a tsakanin haƙoransa, don haka wani ba ya shiga ramin wani. Wanda ya tilasta, ya karya. Harafi ɗaya tal ya ja mini kuɗin direba sau biyu da jiran mako guda. Wannan karon hoton takardar na ɗauka na tura wa mai shago ta WhatsApp, ya yi mini halacci ya musanya. Tare da shi na sayo SSD mai giga 128, da ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, saboda agogon kwamfutar kullum komawa baya yake in an kashe ta, alamar nata ya mutu.

Da kayan suka iso, ni kaɗai ce a ɗaki. Na buɗe 'yan maƙallan da ke bakin ramin, na riƙe ram ta gefe ban taɓa haƙoran ba, na daidaita tsagar, na danna. Na mayar da wuta na kunna. Fanka ta juya, allo baƙi ƙirin, sai wani kuka ɗit-ɗit-ɗit daga cikin akwatin. Innalillahi! Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na kashe amanar yayana. Na kashe, na zare wuta, na zauna har numfashina ya dawo. Da na duba da tocila sai na ga gefe ɗaya bai zauna ba, tausayinsa na ji ban danna da ƙarfi ba. Na sa manyan yatsu biyu na danna har na ji ƙas, maƙallan suka rufe da kansu. Na sake kunnawa, sai ga haske. Guɗa ce kawai ban yi ba.

SSD ɗin bai ba ni wahala ba. Igiya biyu yake so, siririya ta saƙo da mai faɗi ta wuta, kuma bakinsu a lanƙwashe yake, ta fuska ɗaya kawai suke shiga. Ban sayi igiya ba, na zaro na wurin sa faifan bidiyo da ba na amfani da shi. Tsohon had-dis na bar shi a ciki ya zama rumbun ajiya. Abin da ban iya ba shi ne ɗora Windows a kan sabon, wannan sai da yarinyar ta aiko mini da filas da ta shirya, tana gaya mini ta waya ina dannawa. Ta ce lallai mai 64 za a sa, don mai 32 ba ya ganin ram da ya wuce giga 4, ni kuwa yanzu 6 gare ni.

Yau in na kunna ta, kafin in gyara zama ta buɗe. Duk abin da na kashe, har da asarar direba, bai kai kuɗin turmin atamfa biyu masu kyau ba. Sauran adashin ya tafi inda aka yi niyya, littafin ya fito.

Ba zan ɓoye muku iyakarta ba. Tsohuwa ce har yanzu. Ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, shi kuma Windows 10 da ke kanta kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Saboda haka ba na haɗa ta da intanet, rubutu kawai nake yi a kanta, kuma duk daren Juma'a sai na kwafe aikina a filas. Akwai kuma wurin da ba na taɓawa ko da wasa, wato ƙaramin akwatin ƙarfen nan da igiyar wuta ke shiga, don yana riƙe wuta mai haɗari ko an cire shi daga soket. Wannan in ya lalace, sai masu sana'a.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sau nawa muke miƙa kuɗinmu don kawai an ce mana ba mu san abu ba? Injin markaɗe ya tsaya, keke ya fara tsinka zare, waya ta yi nauyi, sai a ce sayi sabo, mu kuwa ko tambayar inda ke ciwo ba ma yi. Ban ce kowace ta zama makanike ba. Na ce ki tambaya, ki karanta abin da aka rubuta a jikin kayanki, ki ɗauki hotonsa kafin ki aika saye, kuma kada ki ji kunyar koyo wurin ɗiyar da kika goya.

Kwanan baya Malam ya shigo da fitilarsa mai caji da ta daina kamawa, ya ajiye mini a kan tabarma yana kallon wani wuri, ya ce, "In kin samu sarari ki duba min wagga." Na ce to Malam, na ɗauko sukundirebata.

Allah Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke da shi, Ya zaunar da ƙasarmu ta Gobir lafiya. Amin.